Baban Ɓeraye da Ƙodar Matarsa

Shekara ashirin da shida ke nan yana aiki a ɗakin gwaji na wata jami'a, can ƙasan bene inda ake ajiye ɓeraye. Ɗalibai Baban Ɓeraye suke ce masa, har ya daina musu. Aikin bai canza ba: kwana goma yana ɗura wa ɓera ruwan wani ganye ko saiwa, sannan malamai su sa shi barci, su matse jijiyar da ke kai wa ƙoda jini, shi kuma ya riƙe agogo minti arba'in da biyar. In an saki, sai a duba ko ƙodar ta tsira. Ya sha ganin ta tsira.

Bara aka gano ƙari a ƙodar matarsa ta dama, ta hagun kuwa dama ta raunana. Likita ya ce sai an tsayar da jini na ɗan lokaci kafin a yanke ƙarin. Bai tambayi komai ba, don ya san abin da ƙoda ke zama in jini ya daɗe bai je ba.

Ya ɗora matar a sikeli, ya yi lissafi yadda ya saba yi wa ɓeraye, ya shiga dafa mata kurkum da tafarnuwa safe da yamma. Tana sha tana yamutsa fuska, tana tambayarsa ko ita ma keji zai saya mata.

Ranar aikin, an riga an sa mata riga, likitar da ke sa barci ta tambaya ko ta sha wani abu ban da maganin asibiti. Matar ta dube shi. Wata huɗu suka yi suna jiran wannan layin. Da ya yi shiru, da an wuce da ita.

Ya faɗa, har da yawan cokulan.

Likitar ta rufe fayil. Ta ce irin wannan yawan na iya hana jini tsayawa, ba za ta taɓa ta ba sai ya fita daga jikinta. Gurbi na gaba sai bayan mako bakwai, ƙarin kuma ba ya jira.

A bakin ƙofa ya karɓi jakar matar. Ta daɗe tana neman takalminta da ƙafa.

"Malam," ta ce, "da ka bar ni ma na sha koko... ko ruwa ne. Tun jiya ba abin da ya shiga cikina."