Sauka-Mu-Gaisa da Ƙayar Bakin Kanal

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Malam Idi tela, wanda mutanen Kura har zuwa Bunkure suka fi sani da Sauka-mu-gaisa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in kama bakina, amma bana shirun ya gagare ni. Hanyar da muka daɗe muna hawan keke a kanta ni da shi, wato gaɓar babban kanal da ke kai wa gonaki ruwan noman rani, manoma sun toshe ta da ƙaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san waɗanda suka toshe ta, kuma ban ga laifinsu ba.

Idi ɗinki yake yi a cikin Kura, ni kuma malamin firamare ne a lokacin. Zaman shago ya sa ƙafafunsa suka fara kumbura, ni kuma tumbi da hawan jini suka sa ni gaba. Likita ya ce kowannenmu ya nemi abin da zai motsa jikinsa. Idi ya ce shi dai bai iya komai ba sai taka feda, don haka daga keken ɗinki sai keken hawa. Yakan ce wancan na iyali ne, wannan kuwa nasa ne. Haka muka fara fita bayan sallar asuba, mu hau gaɓar kanal mu yi ta tafiya har rana ta ɗaga, sannan mu juyo kowa ya kama sana'arsa.

A wajenmu keke abin aiki ne. Da shi ake ɗaukar kwandon tumatir, da buhun taki, da jarkar nono daga ruga. Don haka ganin magidanta biyu da furfura suna tafe kullum ba kaya a bayan kekensu ya ɗaure wa mutane kai. Wasu suka ce gona muke nema mu saya. Wasu suka ce masu kula da ruwa ne suka turo mu leƙen asiri. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta rantse cewa ɗayanmu zawarci yake zuwa, ɗayan kuma ɗan rakiya ne, kuma ba ta ɓoye cewa ni take ganin ɗan rakiyar ba. Idan aka tambayi Idi, "Sai ina, Malam?" sai ya ce, "Sai inda ƙafa ta gaji."

Babu irin yanayin da bai same mu a kan wannan hanya ba. Da sanyi yatsu sukan ƙage a kan birki, har Idi ya ɗinka mana safar hannu da ragowar yadi, tawa ja da kore kamar ta mai wasan yara. Da bazara mukan yi sauri mu juyo kafin burji ya ɗau zafi. Akwai wani wuri wajen Bunkure da yashi ke kama tayar baya ta yi ta lilo, kullum a nan nake sauke ƙafa shi kuma ya wuce yana dariya. Marka ce dai babbar jarrabawa, domin baƙar lakar nan takan cushe tsakanin taya da ƙarfe har keken ya ƙi motsi, sai an sami kara an yi ta sakace ta. Wata safiya ana yayyafi santsi ya kwashe ni na faɗa cikin shinkafar wani. Idi ya sauko da gudu, na ɗauka ni zai ɗaga, ashe shinkafar da na kwantar ya zo tayarwa. Sai da ya gama da ita sannan ya tambaye ni ko na ji ciwo.

Dokarsa ta farko ita ce a fita ana fuskantar iska, don idan an gaji ta turo mutum gida. Ta biyu kuwa ita ce ta jawo masa suna. Duk wanda ya san noman rani a nan ya san manoma kan shimfiɗa tiyo daga kanal, ya ratsa kan gaɓa ya gangara cikin gona. Idi ba ya taka tiyo. Da ya hango shi zai sauka, ya ɗaga kekensa ya tsallake, ya nemi mai gonar da ido ya yi masa sannu da aiki. Haka yake yi idan ya tarar da shanyar shinkafa ko ta barkono. Haka yake yi idan garken shanu ya taho, ya raɓe gefe ya riƙe ƙararrawa kada ta yi ƙara, har sai saniyar ƙarshe ta wuce. A tsakiyar rani kuwa tiyo ya fi a ƙirga, sai mu sauka mu hau, mu sauka mu hau, har in ji raina ya ɓaci.

"Idi, wai keke muka fito hawa ko turawa?" na taɓa ce masa.

"Hanyar ta masu ruwa ce, Malam," in ji shi. "Mu aro muka yi."

Ciwon ajalinsa bai ja lokaci ba. Ya rasu a farkon sanyi, daidai lokacin dashen tumatir. A wajen jana'iza na ga mutanen da ban san sunansu ba, laka har gwiwa, sun baro ban-ruwa sun zo. Na ga Fulani daga rugagen da muke wucewa. A cikin sahu har da Malam Tanko, wani dattijo mai gonar tumatir a bakin kanal, wanda duk sanin da ke tsakaninsa da Idi bai wuce wannan gaisuwa ta safe ba. Bayan kwana arba'in na ci gaba da fita ni kaɗai. Na ci gaba da sauka a kan kowane tiyo, ko da yake yanzu babu wanda zan yi wa mita.

Bara waccan ne masu keke suka fara zuwa daga birni ran Asabar. Samari ne da magidanta, ma'aikata da 'yan kasuwa, da hular kwano da baƙin tabarau da matsattsun kaya masu sheƙi, a kan kekuna marasa nauyi da za ka iya ɗagawa da yatsa biyu. Da farko na yi murna ƙwarai. Na ce ashe abin da aka yi mana dariya a kansa ya zama abin yayi. Murnata ta ƙaru da na gane wanda ke gabansu Nura ne, babban ɗan Idi, wanda yanzu yake aiki a Kano. Shi ya kawo su, saboda tun yana ƙarami yake jin mahaifinsa yana yabon hanyar. Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne ba sa tsayawa. Kowa da waya a ɗaure a kan kekensa tana auna masa gudu, su taho a jere kamar zare, su bi ta kan duk abin da ke ƙasa.

Tiyon da ya sha rana ba ya jure taya bayan taya. Aka fara samun fashewa nan da can, manoma suna ɗaurewa da roba suna haƙuri. Sai aka zo kan Malam Tanko. Ranar da ruwa ya zo layinsu, ya yi sabon dashe, suka bi ta kan tiyonsa ya tsage biyu. Kafin ya samo wani an rufe ruwa, dashen ya kwana ya wuni a bushe, rabinsa bai tashi ba. Mutum ne mai iyali da yawa, kuma wannan gonar ce abincinsu. Ba a jima ba suka firgita garken wani Bafulatani, shanu suka watse cikin albasar mutane, har aka zare sanduna tsakanin maƙwabtan da suka shekara suna zaune lafiya. Allah Ya kiyaye ba a zub da jini ba. Washegari aka sari ƙaya aka jibge a mashigar gaɓa ta gefen gonar Malam Tanko, aka ce manomi ya san ta inda zai zagaya, mai yawon keke kuwa ya nemi wata hanya.

Wata hanyar ita ce kwalta, kuma ni na san ba zan iya ta ba. Idona ya rage, kunnena ma haka, ga manyan motocin tumatir da na shinkafa da ba sa ganin mai keke a matsayin mutum. Maiɗakina ta ce ranar da na hau titi ranar za ta ba da keken kyauta, kuma na san za ta aikata. Tun da aka sa ƙayar keken yana jingine a zaure. Ƙafafuna sun yi nauyi, barci ya ƙaurace mini, da na je awo ma'aikaciyar asibiti ta dube ni ta dubi abin awon ta tambaye ni me na daina yi. Ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Na ga yadda zama wuri ɗaya ya gama da sa'annina.

Nakan zauna in tambayi kaina me Idi zai ce da ya ga wannan zamani. Na tabbata kekunan za su burge shi, zai tsuguna ya yi ta shafa sarƙa yana tambayar yadda ake canza musu giya. Zai ji daɗin ganin ɗansa a gaba. Amma ban san yadda zai yi da labarin dashen Malam Tanko ba. Mutumin da ya bar ni kwance a laka don ya ta da shinkafar wani, yaya zai ji a ce jininsa ne ya jawo aka rufe hanyar? Wannan tunanin ne ya sa na kira Nura na ce ya zo ina nemansa.

Ya zo da ladabinsa, ya durƙusa ya gaishe ni. Da na faɗa masa abin da ya faru sai ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Mu mun ɗauka tiyon nan an yi shi ne don a taka. Kuma tirenin muke yi, wato atisaye, in muka tsaya lissafin gudun ya lalace." Na tambaye shi ko ya san sunan da ake kiran mahaifinsa da shi a bakin kanal. Ya ce ya sani, amma ya ɗauka don yawan surutunsa ne. A nan na gane cewa Idi ya ba ɗansa labarin ruwa da iska da tsuntsaye, bai taɓa ba shi labarin sauka ba, domin a wajensa wannan ba abin faɗa ba ne.

Ran Asabar da ta wuce muka tafi mu biyu, ni a kan tsohon kekena, shi a kan nasa. Muka tarar da Malam Tanko yana cike gurbin dashen da ya mutu. Da ya ga hular kwano sai ya miƙe, fuskarsa ta canza. Nura ya sauka tun daga nesa, ya turo keken da hannu, ya cire hular da tabarau, ya durƙusa a kan burji. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, domin Nura kamar an tsaga kara ne da mahaifinsa.

"Ɗan Sauka-mu-gaisa ne?" ya tambaye ni, bai dubi yaron ba.

Na ce shi ne.

"Ashe kai ne," ya ce wa Nura. "Shekara da shekaru ubanka yana bin nan, ko igiya bai taɓa taka mini ba."

Nura ya ba da haƙuri. Malam Tanko bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya ɗauki fartanyarsa ya je wajen ƙayar, ya saƙalo reshe ɗaya ya ja shi gefe. Ƙofar da ta buɗe 'yar ƙarama ce, kuma a karkace take, babu mai iya shiga a kan keke sai ƙaya ta kama shi. Sai wanda ya sauka ya turo a hankali.

"Wanda ya sauka ya wuce," in ji shi. "Ranar da aka sake taka tiyo zan mayar da reshen, kuma ko kai ne Malam, sai dai ka yi haƙuri."

Ban san yadda za ta kaya ba. Nura ya yi alkawarin zai faɗa wa abokansa, amma suna da yawa, kuma ba su san Idi ba, ba su ga dashen da ya ƙone ba. Mutum ɗaya mai gaggawa ya isa ya rufe mana hanyar, ni kuma keken nawa ya koma zaure ke nan har abada. Malam Tanko ma ya tsufa, kuma 'ya'yansa ba su da dalilin ɗaga wa kowa ƙaya.

Idi bai bar gida mai bene ba, shagonsa ma yanzu wani ne a ciki yana sayar da kayan waya. Safar hannun da ya ɗinka mini ta yage tuntuni. Abin da na ga ya rage nasa a duniya, bayan 'ya'yansa da addu'ar da muke yi masa, shi ne wannan 'yar ƙofa a cikin ƙaya, wadda wani dattijo ya buɗe saboda gaisuwar mutumin da ya shekara bakwai a kabari. Jiya da asuba na bi ta cikinta ina tura kekena, ƙaya ta kama mini gefen riga. Na tsaya na cire ta a hankali, na yi wa Malam Tanko sannu da aiki, sannan na hau. Allah Ya jiƙan Idi, mu kuma Ya sa ran Asabar mai zuwa su sauka.