A Sha ko Kada a Sha

Shekara shida na yi ina gabatar da shirin hira da masana a wani gidan rediyo a nan Katsina, duk Laraba bayan la'asar. Na zauna da likitoci, da malaman jami'a, da masu fashin baƙin siyasa waɗanda ko kansila ba su taɓa ci ba, har da wani mai zane da ya ɓata minti goma yana yi wa masu sauraro kwatancen hoton da ba za su taɓa gani ba. Ina son aikin nan kamar raina.

Wahalar irin wannan aiki a garinmu ita ce babu masanin da ba baban wani ba ne. Kafin a kunna na'ura sai na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mahaifina, ya tambayi mahaifiyata da ciwon gwiwarta, ya tuna mini ranar da ya gan ni ina kukan allura. Bayan duk wannan a ce in miƙe in titsiye shi da tambaya.

Wata damina gudawa da amai suka addabi yara a lungunmu na Ƙofar Durbi. Maƙwabciyarmu ta kwana uku a asibiti tana jinyar tagwayenta. Mata suka fara zargin rijiyoyi, amma babu mai tabbas. Sai na gayyato wani farfesa, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Aminin mahaifina ne tun suna yara, shi ya raɗa mini suna, Baba nake ce masa.

Kai tsaye shirin yake tafiya. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ruwan rijiyoyin cikin gari, a sha ko kada a sha?"

Ya ɗauko bayani da Hausa tiryan-tiryan, yadda ƙasa ke shan ruwan sama, yadda take ajiye shi. Da ya iso bakin maganar sai ya juya harshe zuwa Turanci. Ni na ji abin da ya ce sarai: a tsofaffin gidajenmu tsakanin rijiya da shadda, wato ramin masai, taku kaɗan ne, in ƙasa ta jiƙe da damina abin da ke cikin wannan yana tsiyaya zuwa waccan. To amma maƙwabciyarmu fa, me ta ji?

Na ce, "Baba, ban gane ba."

Ya sake, da Turancin da ya fi na farko tauri. Na sake cewa ban gane ba. A karo na uku muryata ta ɗaga, ban ma sani ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ture makirfo, ya tashi. Mai haɗa sauti ya yi maza ya sako kiɗa.

An sha tambayata me ya hana ni fassarawa da kaina. Da na yi, da kafin magariba an ce wata mai rawar kai ta zagi gidajen mutane a rediyo, kuma babu wanda zai ɗora tukunya ya tafasa ruwan sha. Irin wannan magana sai daga bakin mai furfura.

Washegari manaja ya kira ni. Ya ce ko in je in ba Farfesa haƙuri kafin Laraba, ko a ba wani shirin. A gida mahaifina ya daina amsa gaisuwata sai da ka. Mahaifiyata ta ce, "Ki tahi ki ba shi haƙuri, durƙusa ma wada ba gajiyawa ba ne."

Na tafi ranar Asabar da hantsi, gidansa da ke hanyar Batagarawa. Na same shi a kan darduma yana duba takardu. Na durƙusa, muka gaisa, gaisuwar da ba ta da gishiri.

Ya ce, "Ke ɗiyar nan, mi kike so da ni? In hau rediyo in hwaɗa ma manyan gidajen garin nan da ruwan mi suke alwalla? Gidan ubanki yana ciki. Gidan da aka haihe ni yana ciki."

Sai a lokacin na gane ba girman kai ba ne ya kai shi Turanci. Kunya ce. Ya ba ni tausayi, amma haushi ya rinjayi tausayin, don ni na ga idanun tagwayen nan da suka zurma.

Na ciro rikoda daga jaka na ajiye a gabansa, a fili, ban kunna ba. Na ce, "Baba, haƙurin da na zo badawa na ɗaga maka murya ne, ka yahe mani. Amma tambayar tana nan inda ka bar ta. In ba kai ka hwaɗi ba, wa za su yarda da shi?"

Ya daɗe yana jan carbi. Gwiwoyina suka yi tsami, na ƙi gyara zama. Can ya ce, "Taurin kan kakarki kika ɗauko. Kunna."

Minti ɗaya da rabi ya yi, da Hausar da ko yaro zai gane. Ya ce da damina shadda tana iya ɓata rijiyar da ke kusa da ita, ko da ruwan ya fito garau. Ya ce a tafasa na sha, musamman na yara. Batun alwala kuwa a tambayi malamai, ba fanninsa ba ne.

Na koma ofis ina ganin na yi abin kai. Manaja ya saurara, ya kashe, ya ce an aike ni ban haƙuri na je na sake tsare dattijo har cikin gidansa. Ya riga ma ya ba wani shirin. Ni an mayar da ni shirin gaishe-gaishe, inda ake karanta saƙon masu taya amarya murna da masu yi wa alhazai barka da sauka. Na shiga banɗakin mata na yi kukana, ba zan ɓoye ba. Shekara shida ba kwana shida ba ce.

Ranar farko a sabuwar kujerata, tsakanin gaisuwar wani tela da ta wata mai jego, na saka muryar Baba. Ban kai ƙofa ba manaja ya tare ni.

"Wa ya ba ki izini?"

Na ce, "Mai muryar, ranka shi daɗe."

Ya ce in na kuskura na sake, in haɗa kayana. Na ce to.

Washegari na saka ta sau biyu.