Matakin Ƙafata

A watan da maigidana ya yi ritaya daga sakatariyar Gella wani abu ya shiga kansa. Mutumin da ya shekara talatin bai canza ko launin hula ba, sai ga shi ya dawo gida wata Laraba da la'asar, ko ruwa bai sha ba, ya miƙo min waya.

"Malama, duba nan."

Na duba. Hoton mashin ne, baƙi, dogo, mai ƙaton tanki, ya yi ƙasa-ƙasa kamar saniya tana shirin kwanciya.

"Kuruza ake ce masa," in ji shi. "Sun sake masa fasali gaba ɗaya. Guda ɗaya tak Alhaji ya kawo Mubi."

Alhajin nan mai shagon mashina ne a bakin babbar hanya, iyayensa daga Borno suka zo. Bakinsa zuma. In ka zauna da shi rabin awa, sai ya sayar maka da abin da ba ka taɓa sanin kana so ba, ka tashi kana masa godiya.

Muna da mashin a lokacin, tsoho, wanda a da ja ne. A shekarar farko ta aurenmu na hau shi ba daidai ba, salansa ta ƙone ni a ƙwauri, tabon yana nan har yau. Malam ba mai yawan sannu ba ne. Washegari ya tura mashin wajen mai walda a unguwarmu ta Lokuwa, aka liƙa wani faffaɗan ƙarfe a gefen hagu, inda babu salansa. Mace mai zani ba ta raba ƙafa a kan mashin, zaman gefe take yi, to a kan ƙarfen nan nake ɗora ƙafafuna biyu. Mai waldan ya bar wani ɗan tsini a kusurwar baya wanda ya ci min bakin zani ba ɗaya ba, ba biyu ba, kafin na koyi tattare shi.

A kan wannan mataki na yi shekara ashirin da bakwai. Da safe ya sauke ni a makarantar da nake koyarwa, ya wuce Gella. Ran Asabar mu tafi gonarmu ta Mayo Bani. Suna, ta'aziyya, duba mara lafiya, duk a kansa. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo, gari ya watse kowa ya yi ta kansa, a kansa muka fita, 'yar autarmu a tsakaninmu. Kuma a kansa muke magana. Gida cike yake da yara da baƙi, ba ka samun miji shi kaɗai. A hanya ne yake ɗan karkato da kai ya faɗa min abin da ke damunsa, iska ta kwashe rabi, ni in tsinci sauran.

Saboda haka abin da idona ya fara gani a hoton ba kyan fenti ba ne. Kujerar ta mutum ɗaya ce. A bayanta an manna wata 'yar fata da ba ta fi tafin hannu ba, sannan salansa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Wai tsohon samfurin yana da doguwar kujera, masu ilimi suka zauna suka ga ta yi yawa. Wannan shi ne sabon fasalin da ake ta yabo. Babu inda zan zauna, babu inda zan sa ƙafa.

Ban faɗi haka ba. Ta yaya? Ina da jikoki uku. Matan tsarata ba ma buɗe baki mu ce wa miji muna son zama a bayansa, ko da mu biyu ne a ɗaki. An raine mu a kan cewa irin wannan maganar rashin kunya ce. Sai na ɗauki abin da na iya, wato raini, na shiga jifan mashin ta ko'ina ban da inda yake min ciwo.

Na ce ya yi nauyi, in ya faɗi sai an tara unguwa. Malam ya tafi wajen Alhaji, ya dawo ya ce ai nauyin ne ke sa ya zauna daram a kan titi. Na ce zai sha mai kamar janareton gidan biki. Ya tafi ya dawo, wai injin zamani ne, lasa yake yi. Na ce cikinsa yana jan ƙasa, da damina ta yaya zai haye mayo, rafin nan na hanyar gona? Ya ce ai da damina ko tsohon ma turawa muke yi. Na ce in ya lalace wane makanike ne a Mubi ya taɓa buɗe irinsa? Ya ce Alhaji ya yi alkawarin kawo kayan gyara. Kullum in ba shi tambaya, ya je ya ɗauko amsa kamar ɗalibi mai ƙwazo, ya zauna yana kallona ko akwai saura. Mako uku muna haka.

Abokan majalisarsa kuwa, Allah ya shirya. Tsofaffi biyar a kan benci a gindin dalbejiya, babu mai iya ɗaga ƙafa ya haye kwata sai da bismillah, amma kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce ƙarar kawai ta isa a san mutum ya ci kuɗin sallamarsa. Wancan ya ce ya gani a bidiyo, Turawa masu gemu ke hawa. Babu wanda ya tambaya ina matar gidan za ta zauna, don nasu matan sun daɗe da komawa keke mai ƙafa uku.

Ran nan da hantsi ya ce in shirya mu je in gani da idona. A kan tsohon muka je. Alhaji ya fito da fara'a, ya sa aka kawo min kujera da lemo mai sanyi, ya yaye ƙyallen da ya rufe mashin a hankali kamar mai buɗe lefe.

"Hajiya ya zo da kansa!" in ji shi, da Hausarsa ta Borno da ba ta raba mace da namiji. "To magana ya ƙare. Duba taya, duba fitila. Wannan ba mashin ba ne, falo ne."

"Ina ake ɗaura buhun gyaɗa?" na ce.

Ya yi dariya har da tafi. "Haba Hajiya! Wannan ba na buhu ba. Na manya ne."

Malam ya tattare babbar riga ya hau. Ƙafafu can gaba, hannuwa sama kamar mai shanya wanki, hula ta koma ƙeya. Na so in yi dariya. Ya tayar, ƙarar ta sa awakin gefen titi suka watse, ya ja a hankali ya hau hanya. Ina zaune da lemo a hannu ina kallon bayansa yana ƙanƙancewa. Shekara ashirin da bakwai wannan bayan nasa yana dab da kafaɗata, na san inda rigarsa ke fara jiƙewa da gumi, amma ban taɓa zama na kalle shi yana nisa haka ba.

Ya dawo yana dariya, irin wadda rabona da jin ta a bakinsa tun kafin ciwon gwiwa ya kama shi. Ya kashe injin. Bai sauka ba. Ya juya ya kalli 'yar fatar da ke bayansa, ya ɗora tafin hannu a kai, hannun ya rufe ta ruf. Sannan ya kalle ni.

"Malama," ya ce, "akwai wani abu kuma?"

Ya jira. Wallahi ya jira, ba zan yi masa ƙarya ba. Kalma huɗu ko biyar ta isa. Amma ga Alhaji, ga masu wucewa sun tsaya kallo, ga bakina da ya saba da yanka.

"Ni ina ruwana?" na ce. "Keke ya cika gari."

Ya ɗauke hannunsa daga kan fatar. Ya ce, "To shi ke nan."

Kafin Juma'a kuruza ya shigo zaure, sai da aka cire ƙyauren gefe ɗaya. Tsohon kuwa wani manomi daga Mayo Bani ya saye shi, ina makaranta aka tafi da shi.

Duk abin da na faɗa ya tabbata, in hakan wata riba ce. Yana shan mai. Gona sai dai mu shiga motar haya, inda ake cusa mu kujera daban-daban. Ya taɓa kwanciya a ƙofar gida, sai da maza uku suka ɗaga shi. Aikinsa masallacin Juma'a da gindin dalbejiya, inda tsofaffin nan ke zagaye shi suna shafawa. In akwai suna ko ta'aziyya, ni in tari keke, shi ya riga ni isa, in tarar da shi a ƙofar gidan mutane yana juya makulli a yatsa. Ya ce, "Kin iso?" In ce, "Na iso." Ya shiga wajen maza, in shiga wajen mata. Abin da ke damunsa yanzu sai dai in ji a bakin 'ya'ya.

Bayan kaka na je kasuwa sayen wake, sai na hango shi a bakin rumfa. Tsohon mashin. An canza masa madubi, an ɗaura roba a kariya, wajen ɗora kaya, amma ko cikin dubu zan gane shi. Manomin yana kai, matarsa tana ƙoƙarin hawa, yarinya ce da ba ta kai babbar 'yata ba. Ta zauna a gefe, ta ɗora ƙafafunta biyu a kan matakina.

Zuciyata ta yi zafi. Ba Alhaji nake jin haushi ba, ba 'yan majalisa ba, ba ma Malam ba. Shi ai ya tambaye ni, ni ce ban faɗa ba.

Na matsa kusa na ce, "'Yata, tattare zaninki ta baya. Akwai tsini a kusurwar nan, yana cin zani."

Ta duba, ta tattare. "Na gode, Mama. Kin san mashin ɗin ne?"

"Na san shi," na ce.

Mijin ya buga kik sau biyu, kamar yadda mashin ɗin yake so, suka hau hanya. Ba su yi nisa ba na ga ya ɗan karkato da kai yana faɗa mata wani abu, ita kuma ta matso da kunne. Na tsaya har suka sha kwana, sannan na ɗaga wa keke hannu.