Ranar da Na Kira Sunan Malam

Tun ranar da aka kawo ni gidan nan na Soron Ɗinki har ranar da aka fita da Malam a makara, bakina bai taɓa furta sunansa ba. Bayan ya rasu ma ban fara ba. Da aka zo yin katin ɗan ƙasa, ma'aikacin ya tambaye ni sunan miji, na dube shi na dubi ƙasa. Ya sake tambaya. Na ce, "Ɗan nan, kai uwarka haka take yi?" Sai da wata maƙwabciya a layi ta faɗa masa. Duk yaron da aka raɗa wa sunan a unguwa, a wurina mai sunan Malam ne, ko ɗan waye. In ina ba jikoki labarin annabawa na iso kan wanda kifi ya haɗiye, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sai in ce Annabi mai kifi in wuce. Kun ga yanzu kun san sunan, ni kuwa ban faɗa ba. Haka ake yi. Kuma duk lungunmu an san ni da wannan, don ba na bari a manta. In amarya ta kira mijinta gatsal, ni ake kawo wa ita in wanke ta tas.

To, a shekarun da gari ya rikice ne, lokacin da in an ji ƙara kowa sai ya bar tirensa ya ruga gida. Ga dokar hana fita, ga shingen sojoji a kowace ƙofa. Ana cikin haka aka hana acaɓa. Autana kuwa da acaɓa yake ci da mu. Babur ya koma jingine a zaure har kaji suka mai da shi wurin kwana. Ƙato guda ya wuni a tabarma yana kallon azara. Sai ƙosaina ya zama shi ne gidan, shi ma ƙosan ga yadda yake: injin markaɗen da muke kai wake yana tsallaken titi, bayan shinge. Kafin a saki mutane, a bi layi, a dawo, ƙullu ya fara tsami, masu karin kumallo sun watse.

Matar autan nan, surukata, 'yar Ƙofar Wambai ce, gidan dukawa. Ta yi boko har sakandare. Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Na sha yi mata tsiya, domin ko tsohuwar jaridar da nake naɗe ƙosai sai ta karance ta kafin ta miƙo mini. Amma abu ɗaya na yaba mata: kunya. Sunan surukinta bai taɓa fita daga bakinta ba. Ɗanta ma da ya ci sunan, mai sunan Baba take ce masa.

Duk Asabar bayan La'asar ana nuna gasar kacici-kacici a talabijin. Wuta ba ta zuwa, don haka matan lungu gidan Hajiya muke taruwa, katangarmu ɗaya. Jikar Larabawan nan ce 'yan kasuwa, tana da janareto, tana da baki. Mun girma tare, kuma tun muna 'yan mata ba ta taɓa barin maganata ta sauka ƙasa lafiya ba. Washegari kuma, waɗanda ba su samu zuwa ba, ni nake mayar musu da shirin a bakin kasko, da muryar kowa da tafiyarsa. Wasu ma sun ce nawa ya fi na akwatin daɗi. Ban musa ba.

Ran nan aka ce kyautar wata mai zuwa injin markaɗe ce. Surukata ta aika sunanta ta waya ba tare da ta gaya wa kowa ba, aka kuwa kira ta. Ranar Talata ita da mijinta suka tafi gidan talabijin, rabin hanya a ƙafa, suna ɗaga hannu a kowane shinge. Suka dawo gab da Magariba. Na tare ta a zaure.

"To? Ina injin?"

"Inna, an ce kada mu faɗi komai sai an nuna ranar Asabar."

Na juya kan autan, ya sunkuyar da kai ya shige. Na ce a raina shi ke nan, an faɗi. Ga shi kuwa na riga na gaya wa duk wadda ta sayi ƙosai cewa ta fara jiƙa wake.

Ranar Asabar surukata ta ce ba za ta je kallo ba, wai nauyi take ji. Na bar ta a tsakar gida tana wanki, na yafa mayafina mai kyau na shiga gidan Hajiya. Falo ya cika maƙil, har kan taga.

"A ba uwar mai inji wuri," in ji Hajiya. "Yaya, zauna kusa, kada ki ce ba ki ji lokacin da aka kayar da ku ba."

"Ke dai ki tabbata akwai mai a janareton naki," na ce.

Su uku ne a shirin. Akwai wani dattijo mai jar dara da ya ce ya yi ritaya, akwai wani saurayi ɗan jami'a mai tabarau da kwat a wannan zafin, sai tawa a gefe, ta ja hijabi har gira. Kowa da ƙararrawa a gabansa. Mai gabatarwa wani dogo ne mai yawan dariya.

Dattijon nan bai daɗe ba. Duk tambayar da aka yi sai ya danna ƙararrawa, sannan ya fara tunani. Aka ce ƙafar gizo-gizo nawa, ya danna, ya ce bari ya tuna wanda ya gani a banɗaki. Lokaci ya ƙare yana lissafi da yatsu. Ɗan jami'a ya kwashe tambayoyin ƙasashen waje, babban birnin nan, kogin can, yana amsawa yana gyara tabarau. Tawa ko sau ɗaya ba ta danna ba. Hajiya ta ce, "Ko dai ƙararrawarta ta lalace ne?" Na yi kamar ban ji ba.

Sai aka ce da me majema suke jeme fata. Ɗan jami'a ya danna da sauri ya ce sabulu. Falon nan ya ɗauki shewa. Sabulu! Wata ta ce a kai shi majema ya wanke musu. Tawa ta danna a hankali ta ce bagaruwa. Daga nan fa kamar an kwance ta. Aka tambayi abin da ake zuba wa rini ya kama, ta faɗa. Aka tambayi wata cuta da sauro ke kawowa da wadda ƙuda ke kawowa, ta raba su. Har wata tambayar ƙasar waje ta ƙwace a bakin mai tabarau, na tabbata a takardar ƙosaina ta karanto ta. Na gyara zama na ce, "Hajiya, a ƙara murya, wasu kunnensu ya tsufa."

Aka zo ƙarshe sun yi kunnen doki, ita da shi. Mai gabatarwa ya ce saura tambaya ɗaya, tata ce. In ta amsa, inji nata. In ta kasa kafin agogo ya buga, a miƙa wa saurayin. Aka nuna injin a gefe, kore shar, an ɗaura masa ƙyalle.

Ya ce, "Malama, wane Annabi ne kifi ya haɗiye?"

Duk 'yan falon suka juyo suka kalle ni. Yaron da aka yaye jiya ya san amsar nan, amma kowace mace a ɗakin ta san abin da ke cikinta.

Surukata ta buɗe baki ta rufe. Ta sunkuyar da kai. Agogo yana tafiya, ƙit, ƙit. Mai tabarau har ya fara murmushi, ya ɗora yatsa a kan ƙararrawa. Ni kuwa babur nake gani da kashin kaji a kansa, da ɗana a tabarma, da ƙullu mai tsami. Na ce, "Faɗi mana." Ba ta faɗa ba. Na ce, "Ke, na yafe, faɗi!" Ta ƙara sunkuyawa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mayafi ya faɗi. Na dafa akwatin nan da hannu biyu na kwarara sunan Malam. Ba sau ɗaya ba. Sau uku, in ji su, ni dai biyu na sani. Da muryar da nake kiran masu sayen ƙosai daga ƙarshen lungu.

Na manta sam cewa tun Talata aka gama abin nan. Wadda nake yi wa ihu tana bayan katanga da hannu cikin kumfa.

Kafin kowa ya yi motsi, sai muka ji ta a akwatin tana cewa, "Malam, sunan surukina ne, ba zan iya faɗa ba. Amma a ba ni biro."

Dogon nan ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya dubi alƙalan gasar, suka yi ƙus-ƙus, ɗaya ya ɗaga kai. Aka miƙa mata biro da takarda. Ta rubuta, ta ɗaga. Mai gabatarwa ya karanta da bakinsa, agogo ya buga, aka yi tafi. Inji ya zama namu.

A falon Hajiya kuwa ba wanda ya yi tafi, don duk sun zube. Wata tana tari, wata tana share hawaye da bakin zane. Hajiya ta kwanta a kan kujera tana bugun cinya.

"Yaya! Ashe kin san sunan! Wallahi na ɗauka mantawa kika yi shekara da shekaru!"

"Atishawa na yi," na ce.

"Atishawa sau uku, har da wasali? Allah ya jiƙan Malam, yau ya ji kira daga kabari ya ce wace ce wannan!"

Na ɗauki mayafina na fita da mutuncin da ya rage. Na tarar da surukata tana shanya, ta juya mini baya, kafaɗunta suna rawa.

"Kin ji wani abu?" na ce.

"A'a, Inna. Janareto ya cika ƙara."

Yarinyar kirki. Na ce ta nuna mini takardar, in ta zo da ita. Ta ɗauko daga cikin jaka. Na juya ta sama na juya ta ƙasa. 'Yan ƙugiyoyi ne guda biyar ko shida, kamar sawun kaza. Wai Malam ke nan, da rawaninsa da faɗansa. Na ce, "Ashe abin naku yana da amfani. Mutum ya faɗi magana baki a rufe." Na ninke na sa a ƙasan adudu, tana nan har yau.

Washegari a bakin kasko na mayar da shirin kaf. Na yi dattijo da yatsunsa, na yi mai sabulu, na yi agogo. Da na iso tambayar ƙarshe na tsallaka kai tsaye zuwa biro. Sai na ga ana cin ƙosai ana ƙwarewa.

Bayan kwana biyu aka kawo inji a kura, sojojin shinge sai da suka leƙa cikin mazurarinsa. Autana ya share zaure, ya kori kaji, ya kafa shi. Kafin mako ya zagayo, robobin wake da gero da tattasai sun yi layi har waje, ba mai sake tsallaka titi. Hajiya ma da kanta take kawo nata, ba don ba ta da mai kawo mata ba, sai don ta samu taron mata. Tana ajiye roba za ta gyara murya ta ce, "Ku kuwa na taɓa ba ku labarin ranar da Yaya ta..."

Ni kuma sai in ɗaga wa autana gira. Ya ja igiya. Injin nan, Allah ya yi masa albarka, in ya tashi ko kiran sunanka ake yi ba za ka ji ba.