Jaje Aka Yi Mini

Ranar Talata ce cikin kaka, shekarar da Turawa suka kafa turakun iyaka arewa da ƙauyenmu, can bayan Sule Tankarkar. Bayan sallar asuba na zauna a zaure ina feƙe alƙalami. Maiɗakina tana sussukar gero a bayan danga. 'Yarmu Hauwa, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, tana wasan ƙasa a gefena.

Da hantsi muka ji kukan raƙumi. Ba mu damu ba, domin hanyar fatake ce. Sai ƙarar bindiga daga wajen rijiya. Sautin taɓarya ya tsaya.

"Ku yi kudu," in ji wani da iyakar muryarsa. "Ku bar kaya."

Na saɓa Hauwa, na leƙa bayan danga. Turmi ya kife, gero ya zube. Can nesa na hango mahara bisa raƙuma, fuskokinsu a rufe, suna kora mata uku. Na gane zanen maiɗakina a cikinsu. Yarinya tana kafaɗata, hannuna babu ko sanda. Na bi masu gudu.

Mun kwanta cikin karan dawa har azahar, hayaƙin rumbunanmu yana wucewa ta kanmu. Da la'asar muka miƙe. Washegari da walaha muka shiga Gumel, ƙafafuna sun farfashe.

Dattawa suka tura masu bin sawu. A al'adarmu, garin da sawu ya ƙare a cikinsa shi ke fito da ɓarawo. Suka bi har gindin turken iyaka, suka tsaya. Aka ce musu gaba ƙasar Faransa ce yanzu, ba a ƙetarawa da makami. Suka dawo.

Na kai ƙara. Alƙalin mutumin kirki ne, zaure ɗaya muka yi karatu. Ya ce, "Malam, wa kake ƙara?" Ban san suna ba, ban ga fuska ba. Ya ce ƙara ba ta tsayuwa sai da wanda ake ƙara. Na roƙe shi ko hukuncin rasuwarta ya yanke, in samu in yi mata sadaka. Ya ce babu gawa, babu shaida, a wurin shari'a tana da rai. Na san littafin da ya dogara da shi. Bai yi kuskure ba.

Waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa a bakin rijiya an shimfiɗa musu tabarmi. An yi musu ta'aziyya, an yi sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in. Ni jaje aka yi mini. "Allah ya mayar da alheri, Malam," kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Daga baya jajen ma ya ƙare. Sai na lura hira tana yankewa in na iso dandali, domin ni ne mutumin da ya gudu ya bar matarsa. Na daina zuwa.

Na yi wa hakimi aikin rubutu har idona ya yi rauni, na aurar da Hauwa. Har yau ban iya cewa Allah ya jiƙan uwarta ba, ina tsoron ko tana can tana daka a gidan wani.

Mutum huɗu aka kashe a ranar, kowa ya san kabarinsu. Matan nan uku ba a lissafa su cikin matattu ba, ba a kuma neme su cikin rayayyu ba. Duk zamanmu da maiɗakina ban taɓa kiran sunanta ba, saboda kunya.

Sunanta Rakiya.