Ledojin Yaya Sale

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a nan Jidda, kuma ko yau aka ce in nuna kabarinsa ba zan iya ba, don a ƙasar nan ba a rubuta suna a kan kabari. Ban yi niyyar damun masu karatu da zancensa bana ba. Gwamnatin jiharmu ce ta tono mini shi, da ta ce za ta ɗora haraji a kan ledar zuba kaya.

Wana ne, ciki ɗaya. Ni na yi boko, na ƙare ina bi gida-gida a Aziziyya ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi da kimiyya. Shi kuwa a wani shagon kago da ke Sharafiyya ya ƙarar da ƙarfinsa, yana ɗaure wa alhazai kaya, ya auna, a aika gida. Yana da wata ɗabi'a da ta sha ba mu kunya: ba ya yar da leda. A Jidda ko ashana ka saya a baƙala, wato kantin unguwa, sai an saka maka a kis, ledarsu ke nan. Shi sai ya kakkaɓe ta, ya shimfiɗa a cinya, ya ninke ta kusurwa uku kamar sambusa, ya jefa cikin kwali. 'Ya'yansa, haihuwar nan, sukan ce, "Baba, aib wallahi, abin kunya ne, halas, ya isa haka, ka yar mana!" Sai ya ce, "Ku ba ku taɓa ɗauko gero a bakin riga ba, shi ya sa."

Abin yana da asali. Tsarabar farko da ya aika wa Innarmu dabino ne, cikin wata leda mai rubutun Larabci. Dabino ya ƙare a yini guda, leda kuwa Inna ta rataye ta a saman gadonta, ta hana a sa mata takalmi, ta hana a ajiye ta a ƙasa. Da muka je gida tare na karanta rubutun: sunan wani mai sayar da kaji ne, da lambar wayarsa. Na buɗe baki zan yi bayani, Yaya ya take mini ƙafa. "Malam, yau ba makaranta," in ji shi. Har Inna ta koma ga Mahaliccinta ledar tana rataye.

Kada a ɗauka ɗan adawa ne. Ban taɓa ganin mai yi wa gwamnati uzuri kamarsa ba. Duk azumi tawagar jiha takan sauka umra, da masu riƙe jaka da masu riƙe wa masu riƙe jaka waya, kuma kayansu ta hannunsa suke bi: darduma, turare, akwatuna cikin akwatuna. In na fara ƙorafin cewa makarantar da ta yaye ni har yanzu a ƙasa yara ke zama, sai ya ce, "Kai dai, Malam, ba ka son ganin mutum da kaya. Manyanmu ne, ka yi musu addu'a." Yakan ƙara igiya a kayansu kyauta.

Shi ya sa kwanakin nan nake ta tambayar kaina me zai ce. Jama'a sun yi ca a rediyo da wayoyi. Gwamnati ta ce leda ke toshe magudanan ruwa, kuma gaskiya ne, ni ma na koyar da haka. Mutane suka ce to a nuna musu magudanan tukuna. Suka ce wanda bai ji nauyin sabunta motocin manya da gyaran masaukin baƙi ba, bai kamata ya hango ledar mai sayen rabin gwangwanin shinkafa ba. Ni dai na gaji. Na sha jin irin wannan kuka a kan abubuwa da dama: a yi ta hayaniya, a kafa kwamiti, kwamitin ma a saya masa mota. Ina jin Yaya zai samo wa motocin uzuri, zai samo wa masaukin. A kan leda ne kaɗai nake zaton zai yi shiru.

Dalili kuwa matarsa ce, Rakiya. Iƙamarsu, wato takardar izinin zama, a jikin tasa take, don haka da ya rasu kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya ɗan yi haƙuri, daga baya ta kwashe yaran suka koma gida. Ta buɗe tireda a zaure, shinkafa da gari da kayan miya, kuma da ita take ciyar da su, da ita take biyan makaranta. Harajin bai ma fara aiki ba dillalai suka tsawwala wa leda kuɗi. Mai saye ba zai biya kuɗin leda ba, in kuma ba ki ba shi ba ya wuce gidan gaba. Ribar da ma ba ta fi ledar kauri ba.

Sai ga wayarta. "Malam, kwalin nan na yayanka yana nan?"

Yana nan, a saman kabad ɗin ɗakina da ke Waziriyya. Tufafinsa an yi sadaka da su, kabari ba alama, wannan kwalin na riƙe. Na ce, "Matar Yaya, shi kaɗai fa ya rage mini."

Ta ce, "Kai tunawa kake yi da shi, ni tuwo zan yi wa 'ya'yansa da shi. Yalla, Malam, aiko, kada ka yi mini lacca."

Ban yi laccar ba. Na sauko da kwali. Na saman duk zafin Jidda ya cinye su, da an taɓa sai su ruguje, amma na ƙasa, masu kauri, suna nan garau. Na kai shagonsa na dā. Wanda ya gaje shi, wani Bahaushen Sudan, ya leƙa ciki ya kwashe da dariya: "Ya Ustaz, mutane na aika zinariya, kai kana aika kis?" Na ce ya auna kawai.

Bayan kaya sun isa ta sake kira, tana dariya irin wadda rabona da ji tun yana raye. Wai matan unguwa dawo mata da ledojin suke yi. Sun ce akwai rubutun Larabci, ba a yar da shi a bola. Wata tsohuwa har wanke tata take yi, ta shanya, ta kawo da hannu biyu. Na tambaye ta ko ta gaya musu sunayen shaguna ne, ita da ta yi shekaru a Jidda. Ta ce, "Malam, yau ma ba makaranta."

Ba na cewa an warware komai. Ledojin za su yage, zancen haraji yana nan, tawaga kuma za ta sauka in azumi ya zo. Amma a wata unguwa guda, abin da gwamnati ta ce sai da haraji zai yiwu, ledar mai kaji ta yi shi ba tare da kwamiti ba, kuma marayun Sale suna zuwa makaranta a wannan zangon.

Na daɗe ina gaya wa ɗalibaina cewa leda ta fi mai ita tsawon rai. Gargaɗi nake nufi a lokacin. Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya sa ya huta. Guda ɗaya na cire kafin a ɗaure kwalin, tana nan a aljihun gaban rigata. Ban san sunan wane shago ke jikinta ba, kuma ba zan duba ba. In na warware ta, babu mai ninke mini.