Danyen Bidiyon da Na So a Goge

Duk wanda ya shigo gidanmu a unguwar Bulumkutu a shekarun nan, ya ga baƙin akwatin da ke ƙugi a kusurwar falo, cewa yake fina-finai ne a ciki. Maƙwabta sun ɗauka yayana zai buɗe shagon tura fim a waya. Mama ta ɗauka sabon salon ɓarna ne. Ni da nake zama gaban kwamfutar kullum, na ɗauka shara muke yi wa gadi. Babu wanda ya canka daidai a cikinmu, kuma ranar da na gane haka ba za ta bar raina ba har in koma ga Allah.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, mai ɗaukar bidiyon biki ne. Kafin hanyoyi su lalace, da wuya ka ambaci gari a Borno da bai shiga da kyamararsa ba. Yadda ake aikin shi ne a ɗauko danye, a dawo gida a yanke duk wani shirme, a ɗora waƙa a kai, a miƙa wa masu biki. Sauran masu sana'ar goge danyen suke yi. Shi bai taɓa gogewa ba. Da ya rasu ya bar mana kwalaye cike da kaset.

Yayana ya gaji kyamarar, ya gaji taurin kan. Shi ya haɗa akwatin nan, ya juye kaset ɗin duka a ciki. Faifan ajiya biyu ya sa masa, duk abin da aka zuba wa ɗaya sai ya kwafu a ɗayan, ya jona shi da rauta yadda kowace waya a gidan za ta buɗe shi ko babu data. Lokacin mun yi watanni ba mu ga wuta ba. Solarmu ba ta ɗaukar firji da akwatin tare, sai aka kashe firji.

"Ni da na haife ka ina shan ruwa kamar shayi," in ji Mama, "ƙarfe kuma an kunna masa fanka."

Na gama sakandare ina zaman jira, shi ya sa aka ɗora min jera bidiyon. Wuri ya cika, ga wani biki zai ɗauka ranar Asabar, babu inda za a zuba shi. Ni ba na iya kwana-kwana. Na ce, "Yaya, danyen Baba ya cinye fiye da rabin akwatin nan. Wanda aka gyara yana nan. Wa zai zauna kallon kyamara tana ɗaukar ƙafafun mutane?"

Ya murza ido, ya ce, "To. Bayan sallar Juma'a ki goge."

Ana gobe Juma'a da hantsi wata mata ta yi sallama, sanye da lafaya da ta koɗe, riƙe da hannun yarinya ƙarama. Daga sansanin 'yan gudun hijira take. An ce mata nan ne gidan mai bidiyo. Babanmu ne ya ɗauki bikinta a wani gari can wajen tafki, nata kaset ɗin ya ƙone tare da gidan. An kashe mijinta ranar da suka gudo, tana da cikin yarinyar nan. Yanzu yarinyar ta dame ta da tambayar kamannin babanta.

Na lalubo wanda aka gyara na kunna. Ga ango nan zaune cikin babbar riga, ya ƙame kamar an dasa shi, waƙa na tashi. Yarinyar ta kalla, ta koma wasa da gefen tabarma. Matar ta yi godiya sosai, sannan ta ce a hankali, "Amma shi mutum ne mai surutu. Ba ya magana a ciki?"

Na ce waƙa ta rufe sautin. Yayana ya zuba min ido. Na ja tsaki a raina, na buɗe danyen.

Ashe a ranar wushe-wushe, shagalin da dangin ango ke zuwa gaida gidan amarya, Baba ya ajiye kyamara a kan benci ya manta bai kashe ta ba. Babu abin da take gani sai ƙasa da ƙafafu. Na kai hannu zan tura gaba, sai wata murya ta tashi da Barbarci, tana mita cewa hular da aka ba shi ta matse masa kai, ko so ake ya suma kafin ya ga amarya. Sai dariya, irin mai shaƙe mutum.

Matar ta damƙi hannun yarinyar. "Ga babanki nan."

Yarinyar ta matso ta manna kunnenta a jikin lasifika. Da dariyar ta ƙare ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Anti, sake."

Na sake. Ban san sau nawa ba. Can matar ta fara nuna allon da yatsa. Waɗannan ƙafafun na mai shayin bakin masallaci ne, ɗingishi yake. Wancan takalmin na ƙaninta ne, aro ya yi. Mutum bayan mutum take ambata, ba ta ga fuskar ko ɗaya ba. Ƙafafun da na yi wa dariya jiya-jiya, su ne take gaisawa da su.

Ranar Juma'a, a daidai lokacin da ya kamata in goge, tsakar gidanmu ta cika da mutanen garinsu, ashe matar ta kai labari sansanin. Yayana ya jona wayoyinsu da akwatin, aka zauna rukuni-rukuni a ƙarƙashin darbejiya. Babu mai kallon amarya. Gefen hoto kowa ke bi: ƙofar wani gida, bakin rijiya, wata tsohuwa da ta gifta da tulu. Wannan ya kira suna, wancan ya amsa da "Allah ya jiƙansa", wani kuma ya ce a'a, wannan yana raye, an gan shi a nan cikin garin Yerwa. Garin da aka ce babu kowa cikinsa, ga shi yana hayaniya a gidanmu. Mama ta yi ta zagayawa da ruwanta mai ɗumi, ba ta ƙara ambatar firji ba.

Da za su tafi, wani dattijo ya tsaya a ƙofar falo ya ce, "'Yata, a ina yake zaune, garin namu?"

Na nuna masa akwatin. Har da ɗan alfahari na ce faifai biyu ne a ciki, in ɗaya ya mutu ɗayan yana nan.

Ya daɗe yana kallonsa. "Duka biyun a ɗaki ɗaya?"

Na ce e.

"Mu ma komai namu a wuri ɗaya yake," ya ce, ya sa takalminsa ya fita.

Bikin Asabar a faifan aro muka zuba shi. Abin da na koya a ranakun nan bai da yawa, amma ya zauna min: ba mai ajiya ne ke sanin darajar abin da ya ajiye ba, kuma abin da yake gida ɗaya bai ajiyu ba tukuna. Tun kafin a share tsakar gida na ce wa yayana a nemo faifai na uku. Ni zan kwafe danyen Baba duka, har da ƙasa da ƙafafu, ni kuma zan hau mota in kai shi gidan gwaggonmu a Kano.

Ya ce, "Ke da ba ki da haƙurin jiran shayi ya huce? Kwafin nan zai ci kwanaki."

Na ce ya matsa min daga kan kujerar.